Maɓalli Arba'in da Shida

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Malam. Yaya ƙafar taki, yaya ƙarfin jikinsa?

Ga takardar aikina nan, shafi goma sha biyu. Wata shida Malam yana aiko tambayar me nake yi a jami'a, na gaji da kame-kame. Tun da idonsa ya rufe ke kike karanta masa lissafi kullum da hantsi, shi ya sa na biyo ta hannunki. Roƙona ɗaya: ki karanta masa zuwa shafi na takwas, ki tsaya nan.

Kin san hasashen da ya shekara talatin da ɗaya yana neman hujjarsa, cewa duk wata saƙa ta ɗigo da layi irin wadda ya siffanta za ta rabu gida uku, ba tare da layi ya haɗa 'yan gida ɗaya ba. Da wannan hasashe duniya ta san shi. Ni ma shekara tara ina taya shi nema. Mama, hasashen ba daidai ba ne. Na samo wata saƙa mai ɗigo arba'in da shida da ta ƙi rabuwa. Na duba, abokan aikina sun duba, kwamfuta ma ta duba. A aikinmu misali ɗaya tak ya isa ya rushe komai.

Mutumin da ya ɗauko ni daga bencin baya na ajinsa ya miƙa min alli ya ce in yi masa musu, shi zan gaya wa haka? Ga zuciyarsa da likita ya ce a lallaɓa. Sauran shafukan ki adana su. In kin ce kada a buga, zan kulle aikin a durowa.

Ki huta lafiya.
'Yarki

Ta-Gardama, 'yata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, sai dai hawa bene. Mun gode Allah.

Kin sa ni aikin da ban iya ba. Shekara arba'in da huɗu da aurenmu ban taɓa yi wa tsohon nan ƙaryar da ta kwana ba.

Na zauna a kujerar bakin taga na karanta masa yadda muka saba. Kin san ban san sunayen alamominku ba, kowace ni na raɗa mata nawa: kifi, ƙugiya, takwas a kwance, kujera mai ƙafa biyu. Ina cewa "ƙaramin kifi a gindin ƙugiya," shi kuwa yana gyaɗa kai kamar mai jin waƙa. Da na kai ƙarshen shafi na takwas na ce shi ke nan. Ya ce, "Juya." Na ce babu saura. Ya ce, "Yarinyar nan ba ta tara itace haka ta tashi ba ta hura wuta ba." Na ce ƙila a hanya sauran suka zube. Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ne ya hana ni sukuni. Yau kwana uku bai ce in karanta masa komai ba. Jiya ina yanke masa farce ya ce, "Ta ga na tsufa, ta fara tace min magana kamar abincin jariri."

Ke kina tsoron gaskiya ta kayar da shi, ni kuma ina zaune ina kallon tausayinki yana cinye shi. Zan karanta masa sauran, ko kin yarda ko ba ki yarda ba. Matsalata ɗaya, shafi na tara zane ne. Ke da kika san komai, yaya ake karanta wa makaho zane?

Allah ya yi miki albarka.
Mamanki

Mama,

Ina gaisuwa. A ofis na karanta wasiƙarki, sai da na rufe ƙofa na yi kuka.

Ki karanta masa duka. A shafi na goma na jera wane ɗigo ne ya haɗu da wane, lamba da lamba, amma ban san kan da zai riƙe su duka ta ji kawai ba. Ki ce masa ban taɓa raina shi ba. Tsoro nake ya daina kirana Ta-Gardama.

A gaida shi, in zai amsa.
'Yarki

Ta-Gardama,

Gaisuwa mai yawa. Ki share hawayenki ki ji.

Lambobinki sun gagare mu, sai na ɗauko tsohon zanen tebur da gwangwanin da nake tara maɓallan rigunansa. Kowane ɗigo na ɗinka masa maɓalli, kowane layi na ja zare mai kauri. Kwana biyu ina yi, har yatsata ta kumbura. Na shimfiɗa masa a tebur, na ɗora hannunsa a kai, na gaya masa abin da kika ce.

Ba zan ɓoye miki ba, ya ji zafi. Daga nan yatsunsa suka fara bin zaren. Shayinsa ya huce, na sake dafawa, ya sake hucewa.

A rana ta uku ya ce, "Akwai kuskure nan." Ban san ma wa nake ji wa tsoro ba, ke ko shi. Ya ce, "Tsakanin maɓalli na goma sha bakwai da na talatin ya kamata a sami zare. A haka ai ta rabu, kuma yarinyar nan ba za ta aiko min da abin da ke rabuwa ba." Na duba shafi na goma. Ashe ni na tsallake layi. Na ɗinka ina mita, yana min dariya.

Jiya da hantsi ya kifa tafukansa biyu a kan zanen, hawaye na zubo masa. Ya ce, "Shekara talatin da ɗaya ina rantsuwa babu ita, ashe kyakkyawa ce haka." Sai ya ce in kawo masa abinci, yunwa yake ji. Ya cinye tas.

Ga tasa wasiƙar a ƙasa. Shi ya faɗa, ni na rubuta, ban ƙara gishiri ba.

Mamanki

Ta-Gardama,

Ina gaishe ki. Na duba. Kin yi daidai, ni na yi kuskure. Ki aika a buga, kuma kada ki sassauta ko kalma ɗaya don ni. A wajen godiya ki sa mamanki.

Amma ina zargin maɓalli biyu sun yi yawa. Da arba'in da huɗu ma za ta ƙi rabuwa. Ki zo ki yi min musu.

Mamanki ta ce ki taho da zare.

Malaminki