Rasuwar Alhaji Gariba Saani da Shaidar Waƙa Ta Bakwai

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Makaɗa ta Jirgin Bakwai da ke birnin New York ta samu labarin rasuwar ubanta wanda ya kafa ta, mai kaɗa mata kibod, Sarkin Kunnenta, Alhaji Gariba Saani, wanda Allah Ya karɓi ransa da hantsin ranar Juma'a, 17 ga Oktoba, 2025, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya, yana da shekara sittin da huɗu a duniya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. An yi masa salla ranar Asabar a unguwar Mount Hope, a gaban jama'ar da ta cika masallaci har ta zubo kan titi, 'yan Zangon Kumasi da mutanen Nijar da na Nijeriya, har da wasu Turawa masu dogon gashi da suka tsaya can gefe riƙe da hulunansu a hannu, ba wanda ya gayyace su sai kiɗan marigayi.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwarmu, mai ɗakin marigayi, Hajiya Adisa, da babbar 'yarsa, yayarmu Malama Hamdatu, da ɗansa Malam Abdul-Razak, da dukkan dangi na nan da na Kumasi. Ta kuma ɗora mini nauyi, ni da na sa hannu a ƙasa, in haɗa wannan ta'aziyya da wata shaida, domin akwai abin da idona ya gani da safiyar Talata, kwana uku kafin rasuwar, wanda iyali ba su sani ba, alhali makomar aikin marigayi na ƙarshe a kansa ta rataya.

Mutanen titin 125th Street sun san Alhaji Gariba a matsayin mai tebur na huluna da turare, wanda shekara goma sha tara bai taɓa buɗe teburinsa bayan ƙarfe takwas da kwata ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Mu kuwa mun san shi a matsayin dattijon da ya tara mu a wani ɗakin ƙarƙashin bene a Mount Hope a shekarar 2014, kowace Lahadi bayan azahar, ya koya mana kiɗan rok mai dogon zango, irin wanda waƙa ɗaya kan yi minti ashirin, ta sauya tafiya sau biyar ko shida, ta hau ta sauka, amma amonta na farko bai ɓace wa mai sauraro ba. Ka'idarsa ɗaya ce: duk wahalar da muka cusa cikin waƙa, in dai Hajiya Adisa ba za ta iya rera ta tana tuƙa tuwo ba, to lissafi muka yi, ba kiɗa ba.

A ƙarƙashin jagorancinsa ƙungiya ta fitar da albam biyu, Rumfar Kan Titi a 2017, da Bene Na Shida a 2021, wanda muka naɗa lokacin annoba, kowa a ɗakinsa, ana aika wa juna sauti ta waya. Ba mu taɓa shiga ƙarƙashin wani kamfani ba. Da wakilin wani kamfani ya zo ya ce zai ɗauke mu in muka yarda a datse waƙoƙin zuwa minti huɗu, marigayi ya ba shi shayi, ya ce ya fara zuwa ya roƙi jirgin ruwan St. George ya tsallaka a minti huɗu tukuna, sannan ya dawo su yi magana. A kan teburin huluna aka sayar da faifan farko, tsakanin kwalaben turare, yau ga shi ana aiko mana saƙo daga Poland da Chile da Japan ana tambayar yaushe na uku zai fito.

Maganar jirgin nan ba wasa ba ce, domin da shi muke aiki. Marigayi a unguwar St. George yake zaune, can tsallaken ruwa, kullum jirgin ƙarfe bakwai yake shiga zuwa Manhattan, tafiyar kusan minti ashirin da biyar, daga nan ma sunan ƙungiya ya samo asali. Duk waƙar da muka gama haɗawa, ɗayanmu zai kai masa ita tasha a cikin 'yar na'urar sauraro, ya zauna benci biyu a bayansa, ba magana, ba tambaya. In ya cire hedifon daga kunnensa kafin waƙa ta ƙare, an koma aiki ke nan, kuma wurin da jirgi yake a kan ruwa shi ke gaya mana mintin da aka yi kuskure. In bai cire ba, sai ranar Lahadi ya zo ya ɗiga jan biro a gaban sunan waƙar a takardar albam. Abin da ba shi da ɗigon ja ba ya fita, wannan doka ce tun farko.

Albam na uku, mai suna Tsallake, waƙa bakwai ne. Shida suna da ɗigon ja. Ta bakwai, mai minti ashirin da huɗu, wadda marigayi ya buɗe ta da kibod shi kaɗai har tsawon minti uku, ba ta da shi, domin bai kai Lahadin ba. Ranar sadakar uku, yayarmu Malama Hamdatu, wadda takardar da ainihin sautin suke hannunta yanzu, ta ce abin da Baba bai ɗiga wa ja ba ba zai fita da sunansa ba. Ƙungiya tana sanar da kowa cewa gaskiya ta faɗa, dokar mahaifinta ta riƙe, kuma ba wanda zai ga laifinta. Ban yi magana a wurin ba, don ba hurumina ba ne in tsoma baki a gaban manya ana zaman makoki. Shi ya sa aka ce in rubuta.

Sau goma sha ɗaya na kai waƙar nan jirgi cikin wata biyar. Sau huɗu ya cire hedifon daidai inda jirgi ke wuce wani ƙaton gunki mai ɗaga fitila a tsakiyar ruwa, wato wurin da jitar Malam Sanusi ke shigowa ita kaɗai, har Malam Sanusi ya rantse ya daina kallon gunkin. Sau biyu muna daf da tasha ya cire, saura minti ɗaya tak. Sauran kuwa gangar da nake kaɗawa ce ta jawo.

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, ita ce ta goma sha biyu. Ya zo da farar hularsa da jakar kayansa, ya karɓi na'urar bai kalle ni ba, ya zauna gefen taga. Da muka zo daidai gunkin sai na ga hannunsa na dama ya tashi ya nufi kunne, ashe hula ya gyara! Daga nan ƙafarsa ta fara buga ƙasa, bugun bakwai-bakwai, daidai inda Malama Huda mai rera mana waƙa ke hawa sama da muryarta, kuma ban taɓa ganin ƙafar Alhaji Gariba ta motsa a jirgi ba. Jirgi ya tsaya, hedifon na kansa. Ka'ida ce kowa sai ya sauka, ya sauka cikin jama'a, ina biye da shi ina jira ya miƙo na'urar. Maimakon ya nufi jirgin ƙasan da zai kai shi wurin teburinsa, sai dattijon nan ya zagaya ya koma layin masu komawa St. George, da jakar huluna a kafaɗa, ya danna waƙar daga farko! Muka koma. Muka sake sauka, ya sake zagayawa, muka sake tsallakowa. Sau uku ya saurare ta, mutumin da bai taɓa makara wurin tebur ba. A sauka ta ƙarshe ya miƙo mini na'urar, ya ce har yanzu gangata gudu take kamar wanda jirgi zai bari, amma a bar ta haka. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa jin ya ce a bar wani abu haka ba. Na makara wurin aikina da fiye da awa guda, kuma ina shaida wa duniya ban taɓa shan faɗa mai daɗi irin na ranar ba.

Saboda haka ƙungiya, cikin ladabi da girmamawa, tana roƙon uwarmu Hajiya Adisa da yayarmu Malama Hamdatu da Malam Abdul-Razak su duba wannan shaida. In zuciyarsu ta natsu, muna roƙon yayarmu ta ɗauki jan biron mahaifinta ta ɗiga da hannunta, albam ya fita cikakke bayan an yi sadakar arba'in. In kuwa ba ta natsu ba, ƙungiya ta yi alkawari a gaban jama'a cewa waƙa shida za ta fitar, ta bakwai kuma ba za a sake jin ta ko a ɗakin gwaji ba.

Muna roƙon Allah Ya jiƙan Alhaji Gariba Saani, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya albarkaci bayansa, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Ba ni kaɗai na ga abin da na faɗa ba. Malama Rahina, ma'aikaciyar jinya da ke shiga jirgin bakwai kullum, ta ga ya juya ya koma layi, har ta tambaye ni ko wani abu ya manta a gida. Malam Nasser ɗan Yamai, maƙwabcin teburinsa, ya tsare masa wuri har tara da kwata yana waige-waige, ya ce da Alhaji ya iso yana rera wani amo ne a hankali. Shaida ta uku kuwa ita kanta ba ta san ta shaida ba. Na ji yayarmu Malama Hamdatu tana faɗa a wurin gaisuwa cewa sau biyu ta kira Baba da safiyar Talatar nan bai ɗauka ba, abin da bai taɓa yi mata ba, kuma tun ranar take tunanin ko fushi yake da ita. Yaya, ki duba wayarki, kira na farko bakwai da minti arba'in ne, na biyu takwas da minti goma, duka muna tsakiyar ruwa. Ina benci biyu a bayansa. Duka biyun ya ciro wayar, ya ga sunan, ya yi murmushi, ya ɗora ta a ƙirjinsa har ta gama ƙara, ƙafarsa ba ta daina bugu ba.

Sa hannu:
Zayyanu Hambali
Kakakin Ƙungiya kuma Mai Kaɗa Ganguna,
Ƙungiyar Makaɗa ta Jirgin Bakwai,
Mount Hope, New York.
22 ga Oktoba, 2025.