Inna, Ni Na Sa Aka Sare Lallenki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda na saba yi miki a durƙushe a ƙofar ɗakinki, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Damina huɗu ke nan da aka ɗauke ki daga tsakar gidan nan. Na san takarda ba ta isa inda kike, kuma ko da kina raye ni zan karanta miki, kina tare ni kina gyara mini magana. Amma na yi wani abu da ya tsaya mini a ƙirji, kuma ke ya kamata ki fara ji.

Inna, an gyara burtalin bayan gida.

Kin san shi fiye da ni, tunda a gidan nan na Kaka aka haife ki, nan kuma muka dawo bayan rasuwar Baba. Ke kika ba ni labarin lokacin da duk Madarumfa ta nan take gangarawa tafki: masunta da gorunansu, shanu, mata da kwandunan kifi. Ni kuwa na tashi na tarar an yi sabuwar hanya an watsar da shi. Ya zama juji. Leda, toka, mushen kaji, da damina ruwa ya kwanta sauro ya yi gari. Kowa ya juya masa baya, ke kaɗai kike zagayawa da tsintsiya ki share daidai dangarmu, iska ta maido da sharar kafin azahar, gobe ki sake. Ina yi miki dariya ina cewa kin ɗauki aikin da ba ya ƙarewa. Ke dai ki ci gaba da shararki.

Da maganar gyara ta taso, kin san bakina. Malamar lakwal ce ni, makarantar boko, na saba magana yara arba'in suna saurare, sai na ɗauka gari ma aji ne. Ni ce a gaba a kwamitin unguwa, ni ce mai zuwa ma'aikatar magajin gari, har masu gadi suka san takuna. Aka zana abin a takarda: a shimfiɗa tubalan siminti da suke kira pabe, a yi rumfuna na masu suyar kifi da masu ganyen salati da tumatir na lambun bakin tafki, a sa bencina, a bar fili na wasan yara, a kafa fitilu masu aiki da hasken rana. Sharaɗi ɗaya ne, kowane gida ya ja dangarsa ciki taku uku don hanya ta yi faɗi. Mutane suka fara noƙewa. Na miƙe a taro na ce a fara da gidanmu. Aka yi mini tafi, kaina ya kumbura.

A cikin taku ukun nan lallenki yake.

Ban manta da shi ba, Inna, kar ki ce mantuwa ce. Ina ganinki kowace safiya kin idar da salla, kin ɗauki buta kin zagaya bayan ɗaki kin juye masa sauran ruwan alwala. Kin jera masa fasassun tukwane a gindi, ni a zatona don kaji ne. Shekara da shekaru ba ki taɓa tsinkar ganyensa ba. Sallah ta zo, ga lalle a gida ya yi lif, ki aike ni kasuwa in sayo na ƙulli. Ranar da na kai hannu na zage reshe ɗaya, ina 'yar shekara tara, kika buge mini hannu, ke da ba ki duka. Abin da kika ce ke nan: "Wanga ba na ƙunshi ba ne." Na yi fushi na kwana biyu, na ce kin fi son itace da ni.

Da ƙanena Sani ya gina miki ɗaki na siminti a Ɗan Issa, kika je kika kwana uku kika dawo, kika ce ruwan can bai karɓe ki ba. Muka ce rigimar tsufa ce. Da ciwo ya kwantar da ke, magani ba ki tambaya, abinci ba ki tambaya, sai dai ki buɗe ido ki ce, "An ba lalle ruwa?" In ce an ba shi. Wata rana gaskiya ce, wata rana don ki yi barci ne.

Shugaban magina, Malam Idi, mutum ne mai tsoron Allah. Da igiyar awo ta biyo ta kan lallen ya tsaya ya ce, "Malama, a kauce mishi? Itacen ga ya ga shekaru." Na ce ina, idan na kauce wa nawa, kowa zai kawo nasa, wannan kuka, wancan turken akuya, hanya ta zama maciji. Na ce a sare. Ina tsaye aka sare, aka kwashe fasassun tukwanen aka zuba cikin shara, aka kawo jar ƙasa aka cike aka daddaɓe. Har na ji daɗin kaina a ranar, wai na nuna misali.

Wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye miki ba. Da kin gani da kin riƙe baki. Da la'asar ƙamshin kifi har tsakar gida, tsofaffi sun samu wurin zama, yara suna guje-guje ba mai taka kwalba. Matan da suke soya kifi a rana yanzu suna da inuwa. Sauro ma ya ragu.

Sati biyu da buɗewa, yayarki Iya Delu ta zo daga Safo a amalanke. Na ja ta da ɗoki in nuna mata aikina. Tana dogara sanda tana sa albarka, har muka iso bayan ɗakinki. Sai ta tsaya. Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta ce, "Salame, ina lallen?"

Na gaya mata. Ta zauna a kan pabe, ba ta nemi benci ba. Sannan ta ce, "Ke da karatunki duka, kin taɓa ganin uwa ta kira ɗiyar fari da sunanta? Uwarki Salame take ce miki, gaban kowa. Ba ki taɓa tambayar kanki ba?"

Inna, na taɓa. Ƙawayena 'yan fari iyayensu ba su kama sunansu, ba su yi musu wasa a gaban mutane, sai "ke" da "waccan". Ni kuwa kina kirana tun daga bakin rijiya, ki zaunar da ni a cinya ki yi mini kitso. Ina taƙama da haka. Ina cewa tawa uwar wayayya ce, ba ruwanta da kunyar mutanen da.

Ashe kunyar tana nan. A bayan ɗaki kika ajiye ta.

Iya Delu ta ce kin zo goyon ciki gidan nan, haihuwarki ta fari, kika haifi namiji. Kwana huɗu ya yi a duniya. "Ba a kai ga suna ba," in ji ta, "shi ya sa anka rufe shi nan cikin gida, yadda aka saba. Ko kuka ba ta yi ba gaban mutane, ɗan fari ne, da wane ido? Da ta gama wanka ta samo reshen lalle ta kafa." Ta ce duk waɗanda suka sani sun mutu, saura ita, ita kuma ta ɗauka kin gaya mini kafin ki tafi.

Kin gaya mini, Inna. Shekara arba'in kina gaya mini da buta a hannu. Ni ce ban iya ji ba, sai abin da aka rubuta a allo.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar rasuwarki. Kuma zan faɗa miki gaskiya, har da haushinki a ciki. Kalma ɗaya fa. A kwanakin da nake juya ki a shimfiɗa, mu biyu kaɗai a ɗaki, me zai hana ki ce, Salame, kina da yaya namiji? Daga baya na gane ba za ki iya ba. Bakin da bai kira shi ba yana raye, ba zai kira shi ba yana ƙasa. Kuma ma da wane suna?

Washegari na je wurin liman, ya ce ba laifi a kan wanda bai sani ba, kar a tona komai, amma in da hali a ɗauke ƙafafun mutane daga kansa. Na je wurin Malam Idi ina jin kunyar haɗa ido da shi. Bai tuna mini maganar da ya yi ba. Salati kawai ya yi, ya ɗauko guduma da ƙarfe ya ce in nuna masa wurin.

A nan ne abin ya gagara. Danga ta tashi, kututture babu, ƙasa duk ta zama iri ɗaya. Iya Delu ta nuna nan da sanda, can kuma ta ce a'a, kamar ya fi matsawa gabas. Idonta ya yi rauni. Ni da nake wucewa ta gabansa tun ina 'yar ƙarama, na kasa cewa ga shi. A ƙarshe na ɗauki butarki na tsaya a kusurwar ɗaki, na rufe ido, na taka yadda nake ganin kina takawa. Inda ƙafata ta tsaya, nan Malam Idi ya ɗaga tubala goma sha biyu ya zagaye da 'yar katanga. Iya Delu ta aiko da reshe daga Safo na kafa.

Ya kama, har ya yi toho. Mutane sun ɗauka ado ne, wasu suna yaba mini. Shekaranjiya wata mai suyar kifi ta kai hannu za ta tsinka, sai na ji muryarki ta fito daga bakina: wanga ba na ƙunshi ba ne. Ta dube ni ta janye hannu.

Amma ban sani ba, Inna. Wannan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ban sani ba ko kansa nake zuba ruwa, ko ƙasa ce kawai, shi kuwa yana taku biyu gaba, ƙarƙashin inda ake ajiye kwandon tumatir. Hanyar da na yi faɗa a kanta shekara biyu, yanzu ba na iya bin tsakiyarta. Ta gefe nake raɓawa, jikin bango, kamar mai bin gidan surukai. Ke kaɗai kika san wurin, kin kuma tafi da shi.

Ki yafe mini. Kin bar mini amana ɗaya, ba ki ce amana ce ba, na sa gatari a kanta ana yi mini tafi.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa duk ruwan da kika zuba a bayan ɗakin nan ki tarar da shi a mizaninki. Malamai sun ce irin waɗannan yara suna jiran iyayensu a ƙofar Aljanna. Allah ya sa ya riga ya kama hannunki, a inda babu kunya, ki kira shi da duk sunan da kika ɓoye masa a ranki. Idan kun zauna, ki ce masa yana da ƙanwa mai kaifin baki, ba ta san shi ba sai da ta taka shi, kuma gobe da safe za ta kai ruwa.

Wassalam.

Ɗiyarki ta biyu,
Salame