Motsa Jiki da Maƙwabciyata 'Yar Sin

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jikin Inna, ya maigidan da yara? Mu nan unguwar Aziziyya, kusa da Harami, lafiya ƙalau, alhamdu lillahi.

Kin daɗe kina min faɗa kan ciwon sukarin nan da yawan zama. To, sauƙi ya zo ta hannun maƙwabciyata Salima, Musulma 'yar ƙasar Sin, matar wani injiniya. Rannan na kai mata funkaso, na tarar tana ta tsalle a falo, wata mata a waya tana ƙirga mata da yarensu. Ta ce kai tsaye ake nunowa daga can, kowa yana bi daga ɗakinsa.

Na ce, "Mutanenku sun yarda da wannan?"

Ta yi dariya. "Matasa suna so, ba fita, ba idon jama'a. Amma mahaifiyata cewa take malamar da ba ta ganinka ba za ta gyara maka ba. Ita sai a dandali take motsa jikinta da ƙawayenta."

Na ce ni ma bayan tsohuwar nake, ba zan iya ni kaɗai ba. Ta ja hannuna ta ce, "Yalla, mu fara, ga ni."

Yanzu kullum bayan azahar tare muke yi. Yaya, Juma'ar da ta wuce daga inda mota ta sauke mu har cikin Harami na taka, ban nemi wurin zama ba.

Ki sa ni a addu'a Allah ya ɗorar. Ki gaida Inna da Kawu Sale.

Ƙanwarki,
Maimuna