Minti Uku Don Auduga

Zuwa ga Uwar yara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya ƙafar Inna? Ni na sauka lafiya, sai kewarku.

Uwar yara, na ga duniya. Zauren taron nan ya fi gonarmu ta bakin rafi faɗi, kuma ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, har na rasa abin da ke riƙe da rufin. Kowa da abin saƙalawa a kunne. Mutum yana can yana magana da yarensu, tafinta yana cikin ɗakin gilashi yana zuba maka ita da Hausa. Da farko sai da na waiga in ga mai yi min raɗa.

Masana sun yini suna musu. Wani ya ce a buɗe iyakoki kaya su yi ta shige da fice, wata ta ce ai manyan ƙasashe ne za su haɗiye ƙanana. Wani kuma wai faɗuwar darajar kuɗin ƙasa alheri ce ga mai sayar da kaya waje. Na ce a raina, wannan bai taɓa sayen taki ba. Amma wallahi sun san audugarmu, sun san jirgin ruwan da ke kwasarta, har ranar da farashinta ya karye. Ashe abin da ke iske mu a bakin sikeli daga irin wannan ɗakin yake tasowa.

Gobe zan yi magana da yawun ƙungiyarmu ta manoma. Minti uku aka ba ni in shaida musu noman auduga ya daina ciyar da mu. Ki taya ni da addu'a.

Naki har kullum,
Baban yara.

Uwar yara,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, na tafka abin kunya. Kin san ni, bakina ba ya buɗewa ban gaida mutane ba. Na gaida shugaba, na gaida masana, na yi wa baƙi sannu da hanya, na tambayi gajiyarsu da iyalan da suka baro. Ina cewa "sai batun auduga", jar fitila ta kama, aka kashe lasifika. Na zauna gumi na karyo min, ina tunanin idon da zan kalli mutanen da suka turo ni.

Mai bi na a jerin masu magana wata 'yar siririyar mata ce, wakiliyar masu ɗinkin riguna a masana'anta, daga wata ƙasa can ƙetaren teku. Ta miƙe, tafinta ya sa min maganarta a kunne: "Shekara ashirin ina ɗinki, ba wanda ya taɓa tambayar gajiyata sai wannan bawan Allah. Ku ba shi mintina."

Na miƙe na ce, "Ni na noma, ita ta ɗinka, kuma daga ni har ita ba mai iya sayen rigar. To, ku da kuka sani, ina take zuwa?"

Na ga wani dattijon masani ya sunkuyar da kai yana duban hannun rigarsa, ya daɗe bai ɗago ba.

Ban san ko farashi zai tashi ba. Amma ki gaya wa mutanenmu an faɗa, kuma an ji.

A gaida Inna da yara.

Mijinki mai dogon gaisuwa,
Baban yara.