Maikuɗi Ya Kasa Tashi, Wuƙa Tana Aljihuna

Anti Bilƙisu, don Allah ki taimaka min da shawara kafin Juma'ar nan. Kaina ya kulle, kuma duk wanda na gaya wa a nan dariya yake min.

Ni ɗan gidan fawa ne. Kakana mahauci, babana mahauci, ni ma tun ban kai ko'ina ba nake riƙe ƙafar rago. Da bizar direba na zo Riyad, amma ban daɗe ina tuƙi ba kafil ɗina, wato wanda ya ɗauko ni aikin, ya miƙa ni ga yayarsa, wata dattijuwa da kowa ke kira Doktora, tsohuwar likitar yara. Tana da gona can bayan gari, in an wuce Badi'a da nisa. Ba noma ake yi ba, ba kiwon sayarwa ba. Dabbobin da aka yasar take tarawa, tsofaffin jakuna, raƙumi mai ido ɗaya, tumakin da mota ta buge. Ba a yanka, ba a sayarwa. Su ci, su sha, su kwanta har Mai su ya karɓi abinsa. Ranar da na gane haka na zauna na yi ta dariya ni kaɗai, wai ɗan mahauta aka ɗauko gadin ran dabba.

A nan aka kawo shi. Dandaƙaƙƙen sa ne, baƙi da fari, irin manyan nan marasa tozo. Motar da za ta kai su mayanka ce ta kife a hanya, ƙafarsa ta gaba ta karye, Doktora ta saye shi a bakin titin. Ita ta sa masa Mabruk. Ni na sa masa Maikuɗi, don yana da fanka biyu, da bututun da ke masa feshin ruwa, da likitansa na kansa, gatan da 'yan'uwana na ɗakunan unguwar Ulaisha ba su taɓa gani ba.

Ni na yi jinyarsa. Ni ke wanke ƙafar, ni ke tsinko masa barsim, ciyawar da ake nomawa a nan, in sa masa a baki. Da ya miƙe, sai ya zama duk inda na yi yana bayana yana ɗingishi. Kanwa yake so kamar me. In wani zai zo daga gida sai in sa matata Jamilatu ta ba shi ƙulli, har tana min tsiya wai ita ba ta ga turare ba, amma ita ke yi wa sa aike. A aljihun dama nake sa masa, ya kuma sani.

To shekaru sun ja. Irinsu ba don su tsufa ake kiwonsu ba, jikin ya fi ƙarfin ƙafafun. Tun da zafin bana ya shigo sai da majanyi muke ɗaga shi, ni da wani ɗan Bangaladash. Safe da yamma ina juya shi kada gefensa ya yi gyambo. Bayana ya gaji, Anti, ni kaina na gaji, har kunyar faɗa nake ji. Yanzu ko an ɗaga shi ba ya tsayuwa. Likitansa ya duba ya ce khalas, wato babu sauran magani. Ranar Asabar zai zo ya yi masa allurar da ba a tashi, an riga an haƙa rami bayan dabinai.

Ga inda matsalar take. A gidanmu, in aka ce saniya ta faɗi, babana ko abinci yake ci sai ya tsame hannu ya ruga da wuƙa, ko takalmi ba ya tsayawa sawa. Ya raine mu a kan cewa babu abin kunya ga mai dabba kamar ta mutu a hannunsa ba a ambaci sunan Allah a kanta ba. Allurar nan mushe za ta mai da Maikuɗi. Mushe, a tura shi rami da mota kamar shara.

Da na je Ulaisha na faɗa wa abokaina, Mukhtari da Saidou, sai suka ce abin ai mai sauƙi ne. Doktora ba ta zuwa ran Juma'a. In an sauko masallaci in yanka shi, in ce na tarar yana shure-shure ne. Saidou yana tuƙa motar sanyi, zai zo ya kwashe. Mukhtari ya tuna min akwai 'yan'uwa a ɗakunan nan da aiki ya yanke musu, burodi da shayi suke kwana a kai. Ba ƙarya ya yi ba, na gan su da idona.

Na wasa wuƙa. Jiya na sa ta a aljihun dama na shiga rumfarsa, don dai in gwada zuciyata. Da ƙyar ya ɗago kai, ya miƙo wuya ya hau lasar aljihun, ya zaci kanwa ce. Na zauna a ƙasa, na daɗe ban tashi ba.

Anti, in na yanka na ci amanar matar da ba ta taɓa ɗaga min murya ba, wataƙila iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ma ta tafi. In na bari, ji nake na ci amanarsa da ta babana. Wanne zan ɗauka?

Naki, Ɗan Fawa, Riyad.

*

Ɗan'uwa Ɗan Fawa, na ɗaga wasiƙarka sama da sauran don Juma'a ta matso. Ban yi dariya ba.

Abin da babanka ya koya maka tarbiyya ce mai kyau. Ya hana ɓarna, ya girmama rai, kuma yunwar 'yan'uwanka ta gaske ce. Amma ka lura, shanun da yake rugawa ya yanka, masu su ne ke aikowa a kira shi. Maikuɗi ba naka ba ne. Doktora ta saye shi ne musamman don kada wuƙa ta hau wuyansa, ta kuma damƙa maka shi a kan haka. Yanka a bayan idonta, a rufe da ƙarya, ba na jin mahaifinka zai sa maka albarka a kansa.

Naman ma fa? San da ya daɗe yana shan magani da allurai, ka tambayi likitan ka ji, da wuya ya ce ya ciwu. Kada garin taimako ka kai wa mutane cuta, mutanen da zuwa asibiti ma wahala ne a gare su. Ka gaya wa Mukhtari da Saidou a'a tun yau, kada Saidou ya taso da mota.

Sannan ka kira Doktora ka gaya mata abin da ka gaya min, har da labarin babanka. Musulma ce, ta san mushe. Ka roƙe ta ko za ta yarda a sauƙaƙa masa da yanka maimakon allura, ko da binne shi za a yi bayan nan. Hukuncin allurar kuma ka kai wa malamin da ka yarda da shi, ni ba malama ba ce. In ta amince, sai ka ga ko hannunka zai iya, in ba zai iya ba a nemo wani, ba gazawa ba ce. In ta ƙi, ka yi naka, nauyin ya sauka daga wuyanka.

Gajiyar da kake jin kunyarta kuwa, duk wanda ya yi doguwar jinya ya san ta. Ba ƙiyayya ba ce. In an gama ka nemi hutu ka je gida, ka kuma riƙe wa Jamilatu turarenta.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ɓuya ran Asabar. Ina ganin ba naman ne ya fi damunka ba, tsoronka kada ya tafi ba a ambaci Allah a kansa ba. To wannan babu mai hana ka, da wuƙa ko ba wuƙa. Ka zauna inda ka saba zama, ka ɗora kansa a cinyarka, ka ambaci sunan Allah da bakinka. Ka fitar da wuƙar nan daga aljihun dama, ka mayar da kanwa, don in ya lasa ya tarar da abin da yake nema.

Allah ya sauƙaƙa masa, ya huce maka gajiya, ya mai da kai gida lafiya.

Anti Bilƙisu