Zomonka Ya Ci Mini Ƙamus

Zuwa ga ƙanena Auta,

"Yaya, ɗan lokaci kawai zai yi a wurinki. Lafiyarsa ƙalau, ko atishawa bai taɓa yi ba, kuma kullum zan riƙa kira ina tambayarsa." Ka gane muryar? Taka ce, ranar da ka tsaya a bakin ƙofata, akwati a hannun dama, kejin zomo a na hagu, mota tana jiranka a ƙasa. Da gangan na sa ta gaban sallama, don kada ka karanta gaisuwa ka ninke takardar.

To yanzu, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da ƙanwata matarka, kuma aikin da ya kai ku can yana tafiya daidai. Allah ya tsare ku, ya ƙara buɗi, ya kuma warkar maka da yatsan nan da ya hana ka amsa waya. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa benenmu ba hutawa. Baban yara yana nan da tsokanarsa, mu kuma a makaranta mun shiga jarrabawa.

Wanda ba shi da lafiya shi ne zomon naka, Janar. Da atishawa ya fara, na ce ƙura ce. Sai hanci ya shiga zubar da farar majina, ido yana ruwa, numfashi yana ƙara kamar tsohuwar butar shayi. Daga nan ya juya wa kwanonsa baya. Karas ya shinshina ya kau da kai, latas ko kallo bai samu ba. Na kai shi wurin likitar dabbobi, wata 'yar siririya mai tabarau da ba ta ɓata magana. Ta ce mini zomo ba ya fushi da abinci ya zauna lafiya, in ya daina ci cikinsa ne yake tsayawa, kuma wannan ya fi murar haɗari. Sannan ta juya ƙafafunsa na gaba, ta nuna mini inda gashi ya zube saboda yawan share hanci, ta ce wannan ba ciwon jiya ba ne, da alama an taɓa fara masa magani aka yanke a hanya. Auta! Ka bar ni tsaye gaban yarinyar da na isa in haifa, tana kallona ta saman tabarau kamar ni na shirya ƙaryar.

Ka ji yadda rayuwata ta koma. Da safe in jiƙa abincinsa in dama shi ya yi laushi, in naɗe Janar cikin tawul kamar jariri, in riƙa ɗura masa da sirinji ta gefen baki. Rabi ya shiga ciki, rabi ya ƙare a rigar da zan sa in je aji. In cika bokiti da ruwan zafi a banɗaki, in rufe ƙofa mu zauna cikin tururi ni da shi, muna kallon juna kamar masu jiran hukunci. Turare na daina fesawa a gidan, shara sai na yayyafa ruwa. Ni da nake duba rubutun ɗalibai da jan biro, yanzu kashin zomo nake durƙusawa in duba, in ya yi manya in yi murna. Baban yara ya ce shi da ya yi mura bara, abin da ya samu kawai shi ne in ce masa ya matsa can kada ya shafa mini. Na ce masa in ya tsiro da dogayen kunnuwa ya daina magana, shi ma za a naɗe shi a tawul.

Ga labari mai daɗi, ko da yake ba ka cancance shi ba. Shekaranjiya da yamma na sake shi a falo ina gyaran takardu, sai na ji ƙurus-ƙurus a bayan kujera. Na leƙa, ashe Janar ne ya kama kusurwar babban ƙamusuna, wanda ko kai ban taɓa ba ka aro ba, yana gwaguya da iya ƙarfinsa. Na ɗaga takalmi, sai na tuna wannan ne abu na farko da ya sa a baki da kansa. Na ajiye takalmin, na janye ƙamus a hankali, na tura masa ganyen na'a-na'a. Ya cinye, ya ɗan taɓa busasshiyar ciyawa, ya kuma yi mini atishawa a ƙafa a madadin godiya. Inna da ta ji ihuna ta ɗauka albishir na samu daga ofis.

Amma ƙirjin bai sake shi ba, kuma a nan kake da aiki. Likita ta ce dole ta san wane magani aka ba shi a baya. In ta maimaita shi wataƙila ba zai yi aiki ba, Janar kuwa ba shi da ƙarfin da za a yi ta gwaji a kansa. Sunan magani ɗaya nake nema, Auta. Ba na son haƙuri, ba na son bayani, kuma kada ka ce mini ka manta, ka tambayi matarka, na san ita tana ajiye kwalaye.

Ka gaishe mini da ita da kyau, ita ba ni da faɗa da ita. Inna tana sa maka albarka, Kawu yana tambayarka, Baban yara ya ce ka taimaka masa ya ƙwato matarsa daga hannun zomo.

Takardar nan abokin aikinka zai kawo maka hannu da hannu, saboda haka babu zancen ba ta iso ba. Ranar Litinin ta sama za mu koma wurin likita. In ban ji daga gare ka ba kafin nan, zan ce mata ta yi abin da ta ga ya dace, mu bar wa Allah sauran, ta kuma goge sunanka a katin Janar ta sa nawa. Daga ranar ba ka da zomo. In ka dawo kana son ganinsa, sai ka yi sallama, ka wanke hannu, ka zauna can nesa, in tambaye shi ko yana karɓar baƙi.

Ni ce yayarka,
Malama