Takardar Titan Ba Sunana

Doguwa,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya su Mama? 'Yan biyu na gaida antinsu.

Jiya na buɗe mujallar da ta fito, na ga takarda kan ayonosfiyar Titan, watan duniyar Zuhal, wato can saman iskarsa mai ɗauke da lantarki. Lissafina ne, Doguwa. Shekara huɗu ina haɗa shi a teburin da ke kallon naki. Da zan tafi hutun haihuwa na ba ki, na ce ki gwada min a babbar kwamfuta. Sunaye biyu na gani, naki da na shugabanmu Farfesa. Don Allah ce min kuskure aka yi.

Taki,
Maman Biyu

*

Maman Biyu,

Wa'alaikumus salam. Da fatan kuna lafiya, ke da yara da maigida.

Ba kuskure ba ne. Farfesa ya ce wasu na gab da riga mu, ba za a jira mai jego ba. Kuma lissafinki bai dace da abin da kumbo ya auno a ɓangaren duhun watan ba, wata biyar na yi ina gyara wurin. Na so in yi magana, amma lokacin ake duba batun tabbatar da ni a aiki. Ki duba shafin ƙarshe, an ambace ki.

Ki yi haƙuri. A shafa min kan yara.
Doguwa

*

Doguwa,

Bayan gaisuwa, na duba. "Muna godiya ga abokiyar aikinmu da ta taya mu buga rubutu." Buga rubutu!

Gyaranki ya yi kyau, da kin tambaye ni da kaina zan sa sunanki kusa da nawa. Amma mujallar ta nuna ranar da kuka aika takardar. Ranar ce kika zo gidana, kika goya min ɗaya, na ce ya lissafin, kika ce ai kwamfutar ce ta lalace. Har da raka ki bakin titi.

Na rubuta wa editan, na haɗa masa da littattafan aikina.

Ki huta lafiya.
Maman Biyu

*

Maman Biyu,

Ina gaisuwa. Editan ya rubuto yana neman bayani. Farfesa ya kawo min amsa a rubuce, wai a wurinmu kika kwafa, ya ce in sa hannu kafin Litinin.

Tana nan kan teburina. Ban sa ba. Ban kuma yaga ba.

Allah ya raya yara.
Doguwa